Kunne da Ci-ma-zaune

Akawu tana da shekara shida ta fara jin sunan. Wata mata ce ta yi sallama a ƙofar gidansu, ɗauke da kan keken ɗinki a naɗe cikin tsohon zane, tana haki, ta ce, "Yarinya, ina Kunne?" Yarinyar ta kama nata na dama ta miƙa mata, ta ce ga shi. Matar ta yi dariya har sai da ta dire kayan a ƙasa. Mahaifiyar yarinyar ta leƙo tana share hawayen dariya, ta ce, "Wana take nema, kawunki. Baiwar Allah, lungu na gaba ne, ƙofa mai shuɗin fenti." A ranar ta san cewa mutumin da take zaton ba shi da wani suna sai Kawu, yana da sunan da duk mai keke a garin ya haddace.

Ita ma a lokacin ba a fara ce mata Akawu ba. Shi ya laƙaba mata, bayan ta shiga sakandare ta tsiri yawo da wani littafi mai baƙin bango, tana rubuta ranar da aka haifi wane, da abin da kakarsu ta faɗa game da wance. In suka jero a hanya sai a ce ga Kawu ga Akawu.

Asalin sunansa kuwa yana shafi na huɗu a littafin nata. Yana yaro mahaifinsu ya kai shi koyon ɗinki. Wata shida ya yi bai iya daidaita hannun riga ba, kullum ɗaya sai ya fi ɗaya tsawo. Ranar da maigidan ya yi niyyar sallamarsa, sai ya ɗago kai ya ce, "Maigida, kekenka zai karya allura kafin azahar." Aka yi masa tsawa. Kafin azahar allura ta karye. Washegari ya ce bel ɗin keken maƙwabci ya kusa tsinkewa, ya kuma tsinke. Maigidan ya karɓe almakashi daga hannunsa ya ba shi sukundireba, ya ce, "Kai ba hannu gare ka ba, kunne gare ka." Shi ke nan, suna ya zauna.

Shekara talatin da wani abu ya yi yana gyaran keke a wani ɗan siririn shago a ƙarshen layin teloli. Benci ɗaya, gwangwanayen madara cike da kusoshi, da kwalbar mai wadda aka huda murfinta. Bangon hagunsa kuma na mai injin niƙa ne, wanda ke tayar da injinsa tun safe ba ya kashewa sai yamma. In aka kawo keke, Kunne ba ya buɗe shi. Sai ya ce a taka, ya karkata kai, ya lumshe ido, can ya ce haƙoran ne suka cinye, ko kwarkwaron ne bai zauna ba. In kuma yana shakka, yana da ƙa'ida ɗaya da ba ya tsallakewa: ya ciro abin da yake zargi ya sa a wani keken. In ciwon ya bi shi, shi ne mai laifi. In ciwon ya tsaya inda yake, to a nemi gafarar ƙarfe, a duba wani wurin.

Abu na biyu da aka san shi da shi a dangi shi ne haƙuri. Matarsa, wadda kowa ke kira Iya, mace ce mai kirki, amma in ta fara faɗa sai ta kai ƙarshen layi. Za ta zauna kusa da shi ta zazzage masa tas a kan rigar da ya ɓata da baƙin mai, shi kuwa yana kurɓar shayinsa, fuska a sake, ko gira ba ya ɗagawa. In ma'aurata suka saɓa a dangi, da shi ake misali. Akawu ta ware wa haƙurin nan shafi guda sukutum.

Da wayoyi suka yawaita, teloli suka daina wahalar ɗauko keke. Sai su kara waya a jikinsa su taka, su turo masa ƙarar. Kunne ya tsani abin. Ya ce a cikin waya duk kekunan duniya muryarsu ɗaya, kamar sauro a gwangwani. Ana cikin haka babban ɗansa, wanda ke aikin ofis a wani gari, ya zo da tsohuwar kwamfutar tebur da aka canza musu. Aka kafa ta a falo kusa da taga. Akawu, wadda ta gama sakandare tana jiran sakamako, ita ke zuwa kowace safiya ta kwashe saƙonnin daga waya ta zuba a ciki. Sai dai akwatin bebe ne, ba shi da baki ko kaɗan. Dole a nemo masa sifika.

Mai shagon kayan lantarki da ke farkon layin teloli ya ce in dai don jin ƙarar ƙarfe ne, kada a sayi ƙananan nan masu kama da gwangwanin tumatir. Ya sauko da wasu guda biyu na katako, kowacce ta kai bulo. Ya ɗora wa Kunne ɗaya a hannu.

"Baba, ka ji nauyi? Wannan, injin ƙara sautin yana cikinta. Ita ake sa wa wuta, ita ke da maɓalli, ga ɗan fitilarta. Ita za ka ajiye a dama. Ɗayar kuma ba ruwanta da soket, wannan siririyar wayar za ta taso daga mai wutar ta ciyar da ita."

"Wato wannan ke nemowa, waccan ke ci?"

"Kusan haka ne, Baba."

"To na gane gidan. Mai Wuta da Ci-ma-zaune. Akwai irinsu a kowane dangi."

Akawu ce ta haɗa. Waya mai kai ɗaya ta shiga koren rami a bayan kwamfuta, bayan ta fara kuskuren cusa ta a na kusa da shi aka yi minti goma ana kallon juna. Ɗaya ƙarshen mai kai biyu, ja da fari, ya shiga bayan Mai Wuta. Suka ɗora kowacce a kan tsofaffin littattafai don ta zo daidai kunne, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kujerar Kunne a tsakiya. Suka kuma koyi darasi biyu tun a ranar. In aka bar sifika a kunne aka tayar da kwamfuta, sai ta yi wani ɗum da ya sa Iya ta saki faranti, don haka ita ake kunnawa ƙarshe, ita ake fara kashewa. In kuma aka ajiye wayar salula a kusa, sai ta riƙa gurnani tun kafin kira ya shigo, abin da Iya ta ce ko ba komai an samu wanda ke jin kira a gidan.

Da aka saki ƙarar keken farko, Kunne ya lumshe ido. Falon ya cika da taka-taka-taka, har da ɗan ƙis ɗin da ke biyo bayan kowace taka. Ya yi murmushi ya ce, "Yauwa. Yanzu na ji keke. Ki ce wa mai keken ya sassauta zaren sama." Sai kuma ya karkata dama ya kara kunne a jikin Mai Wuta, ya gyaɗa kai. Ya karkata hagu ya kara kunne a jikin ɗayar. Ya daɗe a haka. Ya ɗago fuska a murtuke.

"Wannan ba ta yi."

"Kawu, tana yi mana. Ina ji."

"Ke kunnenki na waƙar waya ne. Na ce ba ta yi. Suna ya bi ta."

Wa zai yi musu da Kunne a kan sauti? Washegari ya rungumi Ci-ma-zaune ya kai wa mai shago. Mai shago ya jona ta a wata mai wutar, ta saki murya rangaɗaɗau. Kunne ya juyo ya saurara, ya riƙe haɓa ya ce, "Au, munafuka ce ma. A gaban maigidanta tana aiki." Mai shago ya yi dariya ya canza masa siririyar wayar da ke ciyar da ita. Aka dawo gida, ya zauna, ya karkata hagu, shiru. Karo na biyu mai shago ya canza masa sifikar ɗungurungum, saboda girmansa. Sabuwar ma ta zo ta ɗauki halin 'yar'uwarta.

Daga nan wasa ya fara tsami. Kunne ya faɗa wa tela ɗaya cewa yaron nan matattun kaya yake sayarwa, kafin yamma layi duka ya ɗauka. Wata mai ɗinkin labule da ta yi niyyar sayen rediyo ta fasa. Mai shago ya tako har bakin bencin Kunne, hula a hannu.

"Baba, keken mahaifiyata kai ka riƙa gyara shi har ta bar ɗinki, ba zan yi maka rashin kunya ba. Amma ranar Asabar a kawo komai, har kwamfutar. A kafa a bakin shagona, teloli su saurara. In ba ta yi, in rufe shago. In tana yi, kai ka san abin da za ka faɗa musu."

"Asabar ta yi nisa," in ji Kunne.

Akawu ta kasa sukuni. Ta san tana jin sifikar nan da kunnenta. Ranar Alhamis da safe, kafin Kawu ya shigo falo, ta lalubo wurin da ake raba sauti a kwamfuta, ta ja shi gaba ɗaya zuwa hagu. Mai Wuta ta yi tsit, fitilarta kawai ke ci. Ci-ma-zaune ita kaɗai ke ta taka-taka. Kunne ya shigo ya zauna a tsakiya, ya saurara, ya nuna dama da yatsa.

"Kin ji ko? Baiwar Allah Mai Wuta, yau har muryarta ta dishe. Aikin mutum biyu take yi ita kaɗai."

Akawu ta ɗora tafin hannu a fuskar Mai Wuta. Ko motsi babu. Ta dubi kawunta, ta dubi kunnensa na hagu, wanda ya yi shekara talatin yana fuskantar bangon mai niƙa. Sai ta tuna ba ta taɓa ganin ya kara waya a wannan gefen ba. Jibi za a tara duk masu kawo masa aiki, a nuna musu a bainar jama'a cewa Kunne ba ya ji. Wa zai sake turo masa ƙarar keke?

Ta sami Iya a kicin tana goge tukunya. Ta yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta faɗa cikin raɗa. Iya ko juyowa ba ta yi ba.

"Sai yau kika sani? Ke da littafinki? Shekara goma sha biyu ke nan."

"Iya! Kin sani kika yi shiru?"

"In faɗa don me? Ki lura da kyau. In zan yi faɗa, ta ina nake zama?"

Akawu ta yi tunani. "Hagu."

"In kuma ina son a kai ni gidan 'yata, ko a canza min labule?"

"Dama."

"To. Ni na sauke abin da ke raina, shi ya sha shayinsa lafiya, dangi na yaba mana. Wa aka cuta?"

Akawu ta zauna a kan turmi, ta tuna shafin nan guda da ta cika da haƙurin Kawu. Ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka. Ta ce, "Amma Iya, Asabar fa?"

Nan Iya ta ajiye tukunya, fuskarta ta canza. Ta ce ita ma kwana biyu abin na cin ta. In aka faɗa masa da baki ba zai yarda ba, zai ce an haɗa kai da mai shago. Mutumin da ko likita ya ce masa ga ciwo sai ya ce a taka ya ji. Ba ya karɓar magana sai daga ƙarfe.

Kalmar ƙarfen nan ce ta buɗe wa Akawu kai. Washegari ta mayar da sauti tsakiya yadda yake, ta jira ya zauna, ta ce, "Kawu, kafin gobe, ba za mu yi mata irin gwajinka ba? Mu canza musu wuri, mu ga ko ciwon zai bi ta."

Ya dube ta da jin daɗi. "Ashe kina ɗaukar karatu. Canza."

Ta ɗauke Ci-ma-zaune ta kai dama, ta dawo da Mai Wuta hagu, ta saki ƙarar keke. Kunne ya karkata dama ya kara kunne. Ci-ma-zaune na ta zuba aiki. Ya ɗaga gira. Ya karkata hagu, ya kara kunne a jikin Mai Wuta, wadda bai taɓa zargi ba ko sau ɗaya. Fitilarta na ci. Ya daɗe a haka, ya fi na ranar farko daɗewa.

Ya miƙe zaune, ya ɗaga yatsa a hankali ya toshe kunnensa na dama. Keken na ta taka-taka a falo, Akawu na ji, Iya da ke tsaye a bakin ƙofa na ji. Ya cire yatsan. Ya sake toshewa. Ya cire.

"Ciwon bai bi ta ba," ya ce. Ya shafa kan Ci-ma-zaune kamar mai lallashin yaro. "A gafarce ni, 'yar katako."

Iya ta zagayo ta zauna a damansa, ta riƙe masa hannu, abin da Akawu ba ta taɓa gani ba. Ya dube ta, ya dubi gefen da ta zauna, ya ce, "Me kike so kuma?" Iya ta fashe da dariya tana goge ido da bakin mayafi. Daga yadda ta yi dariyar ya gane sauran labarin. Ya ce, "Tun yaushe?" Ta faɗa masa. Ya ce, "Duk faɗan nan?" Ta ce, "Duka. Wasu ma in ka ji sai ka tattara kayanka."

Ranar Asabar bai ɗauki kwamfuta ba, bai ɗauki sifika ba. Ya sa rigarsa mai tsabta, Akawu na damansa. Teloli sun riga sun taru a bakin shagon, wasu da tef ɗin awo a wuya. Mai shago ya shimfiɗa tebur ya jawo wuta yana jira. Akawu ta so Kunne ya ja mai shagon gefe su yi magana a asirce, amma Kunne ya ce a gaban mutane ya ɓata shi, a gabansu zai wanke shi. Ya tsaya a tsakiya ya ɗaga murya.

"Ɗana, naɗe wayarka. Kayanka lafiyarsu ƙalau, ni na yi maka ƙazafi, ka yafe ni. Sifikar da ta mutu ga ta nan." Ya kama kunnensa na hagu ya ja. "Kuma wannan ba a canzawa."

Mai shago ya sunkuyar da kai. Akawu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Sai wata tsohuwa ta turo mutane ta fito, ita ce matar nan da ta taɓa zuwa da kan keke a naɗe cikin zane, yanzu da sanda take tafiya. Ta dube shi sama da ƙasa.

"To sai me? Mu tun da muka san ka Kunne muke ce maka. Wa ya taɓa ce maka Kunnuwa?"

Dariya ta ɓarke har mai shago sai da ya dafa tebur. Ana cikin dariyar, wani tela da bai fito ba yana can yana taka kekensa a shago na uku. Kunne ya ɗaga hannu, ya juya damansa wajen, ya lumshe ido.

"Kai mai shago na uku! Allurarka a baibai ka sa ta!"

Aka ji keken ya tsaya. Can murya ta fito daga ciki: "Wallahi haka ne." A ranar saƙo bakwai suka shigo wayarsa kafin su isa gida, mai ɗinkin labule kuma ta koma ta sayi rediyonta.

Iya ta tisa shi gaba zuwa asibiti, likita ya tabbatar da abin da sifika ta riga ta faɗa, ya ce a kula da wanda ya rage. Kunne ya matsar da bencinsa daga bangon mai niƙa, yana kuma toshe kunne da auduga in injin ya tashi. A gida sifikun biyu suka koma gefe ɗaya, kafaɗa da kafaɗa a damansa, ba ya kuma murɗa maɓallin ya wuce rabi. Mai shago ya ce ba haka ake jera su ba. Kunne ya ce wanda ya tsara jerin kunne biyu gare shi. Sunan Ci-ma-zaune dai bai canza ba, sai dai yanzu in ya faɗa yakan ƙara da cewa ita ma tana ƙoƙari.

Abu ɗaya ne ya lalace. Tun da asiri ya tonu, Iya ta ce ba ta ga amfanin zagaye ba, ta kwaso faɗanta ta dawo da shi dama. A makon farko aka ji muryar Kunne har waje yana mayar da martani a kan baƙin mai, abin da ba a ji ba cikin shekara goma sha biyu.

Wata safiya Akawu na zuba masa saƙonni, littafinta a buɗe a gefen tebur, ya hango biro a kan shafin nan. Ya leƙa ƙofar kicin, ya matso da kujera, ya rage murya.

"Akawu, na san gyara za ki yi, kuma ban hana ki ba. Ki rubuta na sifika yadda ya faru, har da munafukar da na ce mata. Amma shafin haƙurin nan, don Allah kada ki soke shi duka. Ki bar min ko rabi ne. Ai da kunne ɗayan ma na ji abin da ya ishe ni."